Sana'ar rufin gida a Kano: tambayoyi da amsoshi ga mai son koyo da mai son ba da aiki

Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin mutane iri biyu suka fito: samarin da ke son shiga sana'ar rufi, da masu ginin da suka kai linta suna shirin kiran mai rufi. Na haɗa su wuri guda ne domin abin da ya kamata ɗalibi ya koya shi ne abin da ya kamata maigida ya sa wa ido.

Wane ne mai rufi, kuma me ya raba shi da kafinta?

A Kano da wuya a raba su, domin yawancin masu rufi kafintoci ne da suka bar aikin ƙofa da kujera suka koma saman gini. Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne ɗaurin katako ko na ƙarfe, wato gangar jikin rufin da za ta ɗauki nauyi, na biyu kuma shi ne shimfiɗa abin rufin kansa, kwano ne ko tayil. A ƙananan gidaje mutum ɗaya da yaransa ke yin duka biyun, amma a manyan gine-gine akan samu masu walda su ɗaura ƙarfe, sannan wata ƙungiya dabam ta zo ta shimfiɗa tayil. Duk inda aka raba aikin haka, wajibi ne mai shimfiɗa ya hau ya auna ɗaurin da kansa kafin ya karɓa, domin ranar da ruwa ya zubo a kan gado shi za a nema, ba mai walda ba.

Me ake nufi da tayil ɗin rufi? Na ga abubuwa daban-daban ana kiransu da sunan.

Abubuwa uku ne ake haɗa su a suna ɗaya, alhali ba su da haɗi a wurin aiki. Akwai dogon kwanon alminiyum da inji ke lanƙwasa shi hawa-hawa ya yi kama da tayil daga nesa. Wannan kwano ne, kuma kamar kwano ake kafa shi. Akwai tayil mai tsakuwa, wanda mutane suka saba kira Gerard ko da ba na wannan kamfanin ba ne. Shi farantin ƙarfe ne siriri da aka lulluɓe da haɗin alminiyum da zinki don kada ya yi tsatsa, sannan aka manna masa niƙaƙƙen dutse a sama. A New Zealand aka fara yin irinsa a shekarun 1950. Tsawon guda ɗaya ya ɗan haura mita 1.3, kuma biyu da ɗan ƙari ke rufe murabba'in mita ɗaya, nauyinsu bai wuce kilo 6 zuwa 7 ba.

Na uku shi ne tayil na ainihi, na gasasshen yumɓu ko na siminti, wanda ba a cika ganinsa a Kano ba sai jefi-jefi. Nauyinsa kan kai kilo 40 zuwa 50 a kowane murabba'in mita, wato wajen ninki bakwai na mai tsakuwa, don haka katakon da ya isa ɗaukar wancan ba zai ɗauki wannan ba. Wanda ya ga hotonsa a waya ya yi sha'awa, to ya fara zama da injiniya tun kafin a haƙa harsashi, ba bayan an gama bulo ba.

Kafin kwano da tayil, da me Kanawa ke rufi?

Da azara da ƙasa, kuma har yanzu akwai irin waɗannan soraye a cikin ganuwa. Azara daga itacen giginya ake tsaga ta, kuma an zaɓe ta ne domin gara ba ta cika cin ta ba. Da yake ba ta iya ratsa fili mai faɗi ita kaɗai, magina suka ƙware wurin gina baka mai lanƙwasa da zai tallafe ta, har a samu babban zaure mai tulluwa irin waɗanda ake gani a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A saman ƙasar akan yi shafen da zai hana ruwa ratsawa, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga karofi, irin marinar Ƙofar Mata. Ruwan da ya taru sai ya bi indararo ya zuba nesa da jikin bango.

Na daɗe a kan wannan ne domin mai rufin zamani yana da abin koyo a ciki. Soron ƙasa yana da sanyi da rana a watan Afrilu, abin da ɗakin kwano marar silin ba zai taɓa bayarwa ba. Sa'an nan maginan da sun san cewa rufi abu ne da ake hawa a duba kowace shekara kafin ruwan fari, a share bakin indararo, a toshe tsaga. Mu kuwa da muka samu kwano sai muka ɗauka an gama da rufi ranar da aka buga ƙusar ƙarshe.

Yaya ake koyon sana'ar, kuma shekara nawa take ɗauka?

Hanyar da aka fi bi ita ce mahaifi ko wa ya kai yaro wurin wani oga ya danƙa masa shi amana. Watannin farko a ƙasa yaro zai yi su, yana miƙa katako, yana tsince ƙusa, yana shafa maganin gara, yana koyon karanta tef. Daga nan a bar shi ya yi yanka, sannan ya hau sama ya riƙe igiya. Ba a ƙayyade wa'adi, amma mai ƙwazo da bai cika fashi ba yakan iya shimfiɗa fili miƙaƙƙe cikin shekara guda. Kusurwa da kwari da wurin da rufi biyu suka haɗu kuwa, waɗannan sukan ci shekara uku ko fiye kafin hannu ya faɗa, kuma ba na ganin ya dace a yaye wanda bai taɓa komawa da damina ya ga yadda aikinsa ya yi da ruwa ba.

Akwai kuma hanyar makaranta. Kwalejojin fasaha na gwamnati suna koyar da kafinta, ana kuma rubuta jarrabawar sana'o'i ta hukumar NABTEB. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971, tana shirya horon sana'o'in hannu. Wanda ya koya a hannun oga ma yana iya zuwa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya yi gwajin sana'a, wanda ke farawa daga mataki na 3 ya hau zuwa na 1. Takardar ba ta buga ƙusa, amma kamfanonin gine-gine da masu kwangilar gwamnati sukan tambaye ta.

Shin sai wanda ya yi boko zai iya?

A'a, amma sai wanda ya iya lissafi, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa. Ga misali. Gida mai tsawon mita 15 da faɗin mita 12, idan aka bar rufin ya zarce bango da santimita 60 a kowane gefe, filin da za a rufe ya zama 16.2 sau 13.2, wato kusan murabba'in mita 214. Amma rufi ba a kwance yake ba. Idan gangarensa digiri 30 ne, sai a ninka da 1.155, a samu wajen 247. Idan digiri 45 ne, a ninka da 1.414, a samu wajen 302. Gida ɗaya ne, amma bambancin murabba'in mita 55 ke nan, fiye da tayil ɗari. Sannan a ƙara na asarar yanka, wadda ke ƙaruwa gwargwadon yawan kusurwoyin rufin.

Mai rufin da bai iya wannan ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya rubuta kaya fiye da buƙata a zarge shi da cuta, ko kaya su ƙare saura kwata, a koma kasuwa a tarar launin ya ƙare ko farashi ya tashi.

Waɗanne kayan aiki mai farawa zai mallaka?

Guduma mai kunnen cire ƙusa, tef, zarto, igiyar ja layi, sukwaya, almakashin yanka kwano, da jakar ƙusa ta ɗaurawa a ƙugu. Injin huda da na yanka da na lanƙwasa tayil na oga ne, ana saye ne bayan an fara karɓar aiki. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta isa ga kayan ƙarfe, katako kuma a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo.

Yaya ake shimfiɗa tayil mai tsakuwa?

Rabin aikin yana ƙarewa kafin a ɗauko tayil ko guda. Bayan an tsayar da rafta, wato katakon da ke gangarowa daga doro zuwa bakin rufi, sai a jera ƙananan katako, tu-bai-tu, a kwance daga bakin rufi zuwa doro, kuma tazarar da ke tsakaninsu dole ta yi daidai da abin da kamfanin ya ƙayyade, wanda ga yawancin samfura kusan santimita 37 ne. Gogaggen mai rufi ba ya dogara da tef a kowane layi. Yakan yanke sanda biyu daidai wannan tsawon, ya ba yaro ɗaya, shi ya riƙe ɗaya, suna sakawa tsakanin katako da katako suna bugawa. Kuskuren rabin santimita a layi guda ba ya nuna kansa, amma idan ya maimaitu sau goma sha biyar, a ƙarshe bakin tayil ba zai sami katakon da zai kama ba.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne daga sama ake fara shimfiɗawa a gangaro ƙasa, saɓanin tayil na yumɓu da ake farawa daga ƙasa. Ana ɗaga bakin na sama a cusa na ƙasa a ƙarƙashinsa, sannan a buga ƙusa a goshin tayil ɗin, inda ya lanƙwaso, ta shige jikin katako a kwance. Ba a bugawa a bayansa inda ruwa ke bi. Idan za a taka, a taka a kwarinsa daidai kan katako, da takalmi mai taushin ƙasa, domin wanda ya taka tsakiya ya lotsa shi, lotsawar kuma ba ta komawa. Kada a yanka shi da injin da ke fid da tartsatsi, domin zafin yana ƙona lulluɓin da ke kare ƙarfen, garin ƙarfen da ya watsu kuma shi ne jan ɗigon tsatsa da ake gani bayan damina ɗaya.

Me ya sa iska ke yaye rufi duk farkon damina?

Hadarin farkon damina a Kano, a watan Mayu da Yuni, daga gabas yake tasowa, kuma iska da ƙura ke riga ruwa isowa. Iskar da ke gudu a saman rufi tsotsarsa take yi zuwa sama, idan kuma ta sami shiga ta ƙarƙashin baki ko ta tagar da aka bari a buɗe sai ta ƙara tura shi daga ciki. Shi ya sa bakin rufi da kusurwa ke fara tashi, kuma a nan ya kamata a ƙara yawan ƙusa.

Amma idan aka je gidan da iska ta yi wa ɓarna aka duba, sau da yawa za a ga kwanon yana nan manne da katakonsa, an ɗauke su tare an jefa a gidan maƙwabci. Wannan na nuna ba a ɗaure katakon da ginin ba. Ya kamata birkila ya bar rodi a tsaye cikin kankaren linta tun lokacin zubi, a lanƙwasa shi a kan katakon da ke kwance a saman bango, rafta kuma a ɗaure ta da wannan katakon da ƙarfe, ba ƙusa biyu a karkace ba. Ga mai shimfiɗa dogon kwano kuma, ya fara daga yamma ya nufi gabas, domin bakin kowane haɗi ya ba iska baya.

Rufi sabo ne amma yana yoyo. Daga ina matsalar take?

Da wuya ruwa ya shiga ta tsakiyar fili. Wuraren haɗi yake nema: kwarin da gangare biyu suka haɗu, doro, gindin bangon da ya zarce rufi, da bakin ƙusa. A kwanon gargajiya, ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, da robarta, kuma kowane falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi a gefe, da aƙalla santimita 15 a tsawo. Alminiyum kuma yana miƙewa da zafi: falle mai mita 10 yakan ƙaru da kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin asuba da zafin azahar, wannan kai-komo kuwa yana buɗa ramin ƙusa a hankali idan aka matse shi fiye da kima.

Rufin da ya fi wahalar da mu shi ne wanda ake ɓoyewa a bayan bango, ruwansa ya taru a magudanar kankare. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gidan da muka yi lissafinsa ɗazu, idan aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, sama da lita 6,400 zai sauko daga kansa, watakila cikin awa guda. Na taɓa karɓar irin wannan aikin a wata unguwa da ke bayan gari, na ga bututun fitar ruwa biyu ne kacal kuma ƙanana, na yi magana sau ɗaya, da maigidan ya ce a bari haka sai na yi shiru don kada aikin ya kuɓuce mini. A tsakiyar Agusta leda da ganyen darbejiya suka toshe ɗaya, ruwa ya cika magudanar ya koma ƙarƙashin kwano, silin ɗin falo ya rufto da dare. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da na je da safe, dattijon bai ɗaga murya ba, ce mini kawai ya yi: “Malam, ai kai ne mai sana'ar, ni kuɗi kawai na sani.” Ni na biya rabin gyaran, kuma tun daga ranar ba na hawa irin wannan rufin sai an ƙara bututu an bar ramin ambaliya a jikin bangon.

Shin dogon rufi mai tsini da ake yayi yanzu ya fi?

Ya fi kyan gani ga mai sha'awarsa, kuma iskar da ke tsakanin silin da rufi tana rage zafi idan an bar mata mafita. Amma rufi mai tsananin gangare an san shi ne da ƙasashen da dusar ƙanƙara ke taruwa da wuraren da ruwa ke sauka kusan duk shekara. Ruwan Kano na wata huɗu zuwa biyar ne, matsakaicin gangare ya ishe shi. Abin da ya wuce nan ƙarin katako ne, ƙarin tayil, ƙarin jiki ga iska, da ƙarin haɗari ga masu aiki. Na ga gidajen da aka kashe kuɗin tagogi da ƙofofi a kan doron rufi, suka shekara uku ba a tare ba.

Mene ne haɗarin sana'ar?

Faɗowa ne kan gaba, kuma duk wanda ya daɗe a aikin ya taɓa raka wani Asibitin Ƙashi na Dala. Yawanci ba daga doro ake faɗowa ba, daga tsani ne ko daga katakon da aka taka kafin a kafe shi. Tsani ya nisanci bango da ƙafa ɗaya ga kowace ƙafa huɗu ta tsayi, kansa ya zarce bakin rufi da kamar mita guda, a kuma ɗaure shi. A kan bene, igiyar ɗaure jiki ba ragwanta ba ce, ko da abokan aiki sun yi dariya. Silifas ba takalmin rufi ba ne, haka babbar riga.

Sai wayar lantarki, wadda a unguwanni masu cunkoso take ratsawa dab da rufi. Falle mai mita takwas a hannun mutum biyu, iska kaɗan ta isa ta karkata shi ya taɓa waya, kuma kada a ce ai an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a kawo ta. Sai zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, kwano kuwa ba ya taɓuwa da hannu. Masu hankali kan hau da an idar da sallar asuba gari ya waye, su sauko kafin azahar, musamman idan azumi ya faɗo a lokacin. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, sai dai mafi yawan masu rufi 'yan jinga ne da ba wanda ya yi musu rajista, don haka asusun taimakon juna tsakanin abokan sana'a ba ƙaramin abu ba ne.

Wane lokaci ne aiki ya fi yawa?

Daga ƙarshen hunturu zuwa saukar ruwan fari, lokacin da kowa ke rige-rigen rufe gininsa. Farkon damina na gyaran ɓarnar iska ne, Agusta na yoyo.

Yaya ake yanka kuɗin aiki, kuma me ya kamata a rubuta?

Wasu jinga suke yi a kan rufin gaba ɗaya, wasu kuma suna lissafi da murabba'in mita, wanda ya fi adalci idan rufin mai kusurwoyi ne. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta a gaban shaida: wa zai sayi kaya, wane irin katako, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a biya ciko, da kuma wa zai ɗauki nauyin gyara idan aka samu yoyo a daminar farko. Ina ba masu gida shawarar su riƙe wani ɗan kaso har ruwa ya gwada aikin, kuma mai rufin da ya yarda da hannunsa ba zai ƙi ba, muddin shi ma an biya shi a kan lokaci.

Wurin da amana ta fi karyewa shi ne sayen kaya. Ana sayar da alminiyum da kaurinsa, kamar milimita 0.45 ko 0.55, ido kuma ba ya bambance su, sai da ɗan ma'aunin kauri da ake matsawa a bakin falle. Bandir ɗin kwanon gargajiya falle 20 ne, a ƙirga kafin a sauke daga mota. Ɗanyen katako yakan murɗe idan ya bushe a sama, ya ja layin tayil ya karkace, wanda ba a jiƙa shi da maganin gara ba kuwa abincin gara ne aka ɗora a kan gida. Araha ba ta ado, amma mai rufin da ya karɓi kuɗin mai kauri ya sayo marar kauri ba araha ya nema wa kowa ba, haƙƙi ya ci.

Ana iya ɗora sabon rufi a kan tsohon katako?

Sai an buɗe an duba. A soka ƙusa ko bakin almakashi a jikin katakon, musamman inda ya zauna a kan bango, idan ya shige ba wuya to gara ko ruwa sun gama da shi. A ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan a ga ko tsakiya ta lotsa. Ko katakon lafiya lau yake, tazarar da aka yi wa kwano ba za ta yi wa tayil mai tsakuwa ba, dole a sake jera tu-bai-tu.

Idan tsohon rufin ko silin ɗin na asbestos ne, irin na tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata, a yi hattara ƙwarai. Ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar da take haifarwa kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada a fasa shi, kada a yanka shi da inji, kada a taka shi domin yana karyewa ba gargaɗi. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshin, a sauke shi falle-falle da igiya, masu aikin su rufe hanci da baki da takunkumin da aka yi don ƙura, kuma kada a bar yaran unguwa su kwashe ɓaraguzan su yi wasa da su.